Baba Ya Yanke Mini Hukunci Bai Ji Ta Bakina Ba

Anti Sa'adiya, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Daga Dubai nake rubuto miki. Na daɗe ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don a gidanmu ba a koya mana kai magana waje ba, amma abin ya fi ƙarfina. Mahaifina ya ɗauke mini wuta sama da shekara guda, yanzu kuma ya aiko a gaya mini kada in zo zaman bankwanan da kotunsu za ta yi masa bayan ƙaramar Sallar nan, ranar da zai ajiye aiki.

Sai kin san Baba za ki gane girman abin. Kadi ne a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiharmu, ba zan faɗi jihar ba. Ba tsalle ya yi ya faɗa kujerar ba. Da magatakarda ya fara a wata kotun ƙauye, yana rubuta maganar alƙali da ta masu ƙara da hannu, har yau akwai kanta a ɗan yatsansa. Daga nan aka ba shi alƙalancin ƙaramar kotu, muka shiga yawon ƙauyuka, ni kaina firamare huɗu na yi kafin in gama. Ya riƙe babbar kotun shari'a, ya yi sufeton kotuna, sannan aka naɗa shi Kadi. A can su uku suke zama, suna duba hukuncin da alƙalan ƙasa suka yi, su tabbatar ko su rushe.

Duk tsawon shekarun nan Baba ba ya cin abincin kowa. Filas ɗin shayinsa da kwanon tuwonsa daga gida suke fita. An taɓa ɗaure mana rago a ƙofar gida ana gobe Sallah, wallahi shi da kansa ya ja shi ya mayar wa mai shi, muna leƙe muna haɗiyar yawu. Ina ƙarama wata tsohuwa ta ba ni mangwaro biyu a bakin kotu, na riga na gatsi ɗaya, haka aka tasa ni a gaba na mayar mata har da gatsattsen. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ita dai ta auri kotu ne ba mutum ba.

Abin da ya fi yin suna a kansa shi ne i'izari, wato tambayar ƙarshe da alƙali yake yi wa mutum a gaban shaidu biyu kafin ya yanke hukunci, ko yana da sauran magana ko wata hujja. Idan Baba ya buɗe fayil ya ga ba a yi i'izari ba, komai kyan hukuncin sai ya rushe shi ya ce a sake. Lauyoyi a bayan idonsa Malam I'izari suke kiransa. A gida ma haka yake. Ko bulala zai yi wa yaro sai ya tambaye shi ko yana da sauran magana. Wana, Yaya Hadi, ya gano lagon abin, sai ya yi ta zuba bayani har a kira sallah Baba ya tashi, shi ke nan ya tsira. Na faɗi wannan ne don ki ga irin uban da ya yanke mini hukunci ba tare da ya tambaye ni komai ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan. Maigidana, Abban Muhsinat, yana aiki da wani kamfanin jiragen ruwa a Jebel Ali, muna zaune a ɗan fulat ɗinmu a Abu Hail. A ƙarshen 2017 cutar yanar ido ta rufe wa Baba ido, karatun fayil ya cinye shi. Da ƙyar da roƙo ya yarda ya zo a yi masa aiki a nan, shi ma sai da ya kafa sharaɗin shi zai biya komai daga albashinsa. Ranar da ya sauka na yi murnar da ban taɓa yi ba. A hanya daga filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce a garin nan bai san kowa ba, bai san komai ba, ni ce idonsa.

To Anti, duk wanda ya zauna a nan ya san al'adarmu. Baƙo in ya zo daga gida ba na mutum ɗaya ba ne. Wannan ya aiko da tuwo, wancan ya ba da mota, a zaga da shi Deira ya gaisa da jama'a, a ci abinci, a yi hoto a ɗora a waya. In ka ɓoye baƙonka sai a ce kai mai baƙin hali ne. Akwai wani ɗan jiharmu, bari in kira shi Alhaji Ɗalhatu, mai shagon kargo a Murshid Bazaar. Kowa da shi yake sauka, kuma kwantenoninsa ta hannun kamfanin maigidana suke bi. Tun da ya ji Baba ya zo ya hana kansa sukuni. Motarsa ce ta yi ta kai mu asibiti, ni kuwa ina ta godiya, don tasi a garin nan ba wasa ba ce.

Da aka cire wa Baba bandeji, Alhaji ya matsa sai an kawo shi shago ya sa albarka. Baba ya ƙi. Ya tambaye ni ko wane ne mutumin, ɗan wane gida ne, kuma ko yana da wata ƙara a gida. Har dariya na yi. Na ce masa nan fa Dubai ce, ba mai ƙara ba wanda ake ƙara, mutumin nan rabonsa da gida ya fi shekara goma, don Allah Baba ya saki jiki ko sau ɗaya a rayuwarsa. Na yi ta shagwaɓa har ya yarda. Muka je, aka shimfiɗa shinkafa da naman rago a saman shagon, ya ci loma kaɗan ya sha shayi. Aka kawo turare ya ce a'a. Sai Alhaji ya ɗauko wata alkyabba mai ruwan zuma ya yafa masa a kafaɗa, wai a ga ko ta yi daidai. Baba ya cire ta nan take ya miƙa masa. Amma kafin ya cire, an riga an ɗauki hoto.

Bayan ya koma da 'yan watanni aka kira wata ƙarar gadon gonaki a gabansu. Ashe gidan su Alhaji ne! Sunan wansa ne a kan fayil, shi ya sa Baba bai kawo komai a ransa ba. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe a cikin kotu, gaban jama'a, ya ɗaga hoton. Ga Baba da baƙin tabarau da alkyabba a kafaɗa, ga Alhaji ya rungumo shi yana washe baki, ga farantan abinci a gabansu. Alhaji ne ya ɗora a wayarsa tun a ranar, 'yan'uwansu da suke rigimar gadon da su suka gani suka adana. Yaya Hadi ya ce Baba ya rufe fayil, ya sanar ya janye daga shari'ar, ya fita.

Bai tsaya nan ba. Aka rubuta ƙorafi zuwa hukumar da ke kula da alƙalai. A daidai lokacin kujerar Alƙalin Alƙalai ta jiharmu ta zama ba kowa, kuma Baba ne mafi daɗewa a cikinsu, kowa ya san tasa ce. Ana cikin bincike aka tura sunan na bayansa, wanda Baba ne ya koya masa rubuta hukunci. Daga baya hukumar ta wanke shi tas, ta ce bai karɓi komai ba. Amma kujera ta riga ta tafi, shekarunsa kuma sun cika.

Tun ranar da aka ɗaga hoton a kotu bai sake ɗaga wayata ba. Na kira har na gaji, na tura saƙon murya ina kuka, ko buɗewa bai yi ba. Ta bakin Yaya Hadi na ji hukuncina: wai ni da mijina mun sayar da shi don kwantena. Haba Anti! Ni? Ni da na mayar da gatsattsen mangwaro? Ƙanwarsa, Gwaggo Rabi, ta je ta yi masa magana, ya ce ya gama. Alhaji kuwa da maigidana ya tunkare shi, cewa ya yi wallahi shi don alfahari kawai ya ɗora, khalas, abu ya wuce, a bar wa Allah. Ko a jikinsa. In na bi ta layin shagonsa har yau sai na ji zuciyata tana tafasa.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Kwanan baya ina ta mita, ina cewa da Baba zai saurare ni da na rantse masa ba mu san komai ba, sai na ga maigidana ya sunkuyar da kai. Da na matsa, ya ce tun kafin mu kai Baba shagon, shi ya taɓa jin Alhaji yana waya a kan rigimar gonakin gadonsu, amma bai ɗauka ta kai kotun Baba ba, kuma ya ji kunyar ya kawo cikas ga mutumin da yake ta yi mana hidima. Maigidana mutumin kirki ne Anti, bai taɓa cuta mini ba, kuma tun ranar shi ma ba ya iya cin abincin kirki. Amma yanzu in Baba ya ba ni dama, me zan ce? In rantse a kan abin da na san ba haka yake ba? Ko in faɗi gaskiya in jefa mijina?

Wani lokaci haushin Baba nake ji sosai. Mutumin da ya rushe hukuncin alƙalai ba adadi don ba su saurari ɓarawo da mazambaci ba, shi ne ya kasa sauraren 'yar cikinsa. Har na taɓa rubuta masa saƙo ina tambayarsa ina i'izarina, sai na goge. Wani lokacin kuma in na tuna yadda ya riƙe hannuna a mota, sai in shige banɗakin asibiti in yi kukana in wanke fuska in koma kan marasa lafiya. Muhsinat tana tambayata me ya sa Kaka ya daina kiranta. Azumi ya kusa. In je ko kada in je? In na je ya kore ni a gaban mutane fa? In ban je ba, ya sauka daga kujerar da ya ba wa rayuwarsa duka, babu ni a wurin, ban san ko zan iya yafe wa kaina ba.

Taki,
'Yar Alƙali, Abu Hail, Dubai

Wa alaikumus salam, 'yata. Share hawayenki, ki nemi hutu a wurin aiki, ki sayi tikiti. Amsar tambayarki ta ƙarshe ke nan: ki je. Sauran bayanin na yadda za ki je ne.

Na ji tausayinki, kuma na yarda ba ki sayar da mahaifinki ba. Abin da kuka yi a can karamci ne irin namu, wanda ko'ina Bahaushe ya je da shi yake tafiya. Sai dai bari in gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Babanki ya yi tambayar da ta dace a lokacin da ya dace. Ke kuma kika ce masa babu, alhali amsar gaskiya ita ce ba ki sani ba. Ya san aikinsa, ya san ƙara tana bin alƙali duk inda ya sa ƙafa, ko Makka ya je balle Dubai. Dokar da ya riƙe tun yana magatakarda, sau ɗaya tak ya sassauta ta, kuma don ke ya sassauta. Wannan ba cin amana ba ne, amma kuskure ne, kuma da shi za ki fara buɗe baki in kin samu dama, ba da rantsuwa ba.

Shi ma bai kyauta ba. Cewa kun sayar da shi don kwantena magana ce mai nauyi, kuma ya faɗe ta ba hujja, abin da ba zai taɓa karɓa daga wani alƙali ba. Ina kyautata zaton ya san haka. Mutum mai irin tsantseninsa ba ya rasa sanin inda ya karkace. Ina jin abin da ya sa ba ya buɗe saƙonki shi ne ya san in ya ji muryarki hukuncin ba zai tsaya ba, shi kuma bai gama jin zafin ba tukuna.

Batun maigidanki ba naki ba ne ki ɗauka. Kada ki yi rantsuwar ƙarya, kada kuma ki zama mai kai ƙararsa. Shi ya ji wayar, shi ya yi shiru, shi zai faɗa da bakinsa. Ku tafi tare. Ki gaya masa da taushin murya cewa kunyar da ya ji ta Alhaji ta riga ta ci kujera guda, kada ya bari kunyar suruki ta ci uba da 'ya. Alƙalin da ya shekara talatin da wani abu yana kallon idon mutane zai fi girmama wanda ya zo ya ce na ji kuma na yi shiru, a kan wanda aka zo ana rufa wa asiri. Zai yi fushi, ku shirya wa hakan. Amma fushin da aka yi a kan gaskiya yana da ranar ƙarewa. Alhaji Ɗalhatu kuwa ku fita batunsa. Kada ku sa shi ya kira ya ba da haƙuri, ko jin sunansa zai ƙara dagula lamarin.

Kada ki bari sai ranar zaman bankwana. Ranar ta jama'a ce, ga alƙalai ga lauyoyi, in kika fito masa ba zato kin sa shi a tsaka mai wuya, kuma dattijo irinsa zai zaɓi ya tsaya a kan maganarsa ko da zuciyarsa tana karyewa. Ku je cikin azumi, ku sauka gidan Gwaggo Rabi, ita ta sanar da shi kun zo gaisuwa. Ku shiga bayan an sha ruwa, ita da Yaya Hadi suna zaune. Kuma don Allah kada ku riƙo tsarabar Dubai. Ba turare, ba dabino, ba yadi, balle alkyabba. Maganin ɗigon idonsa kaɗai ya isa. Ki tafi da Muhsinat ta ga kakanta, amma kada ki tura ta gaba ki laɓe a bayanta, zai gane.

Saƙon nan da kika rubuta kika goge, kin yi daidai da kika goge shi. Gaskiya ce a ciki, amma in kika jefe shi da i'izari kin mayar da abin da ya fi alfahari da shi sandar dukansa. Ni wani abu na lura da shi a wasiƙarki. Kin faɗi abin da lauya ya yi, da abin da hukuma ta ce, da abin da Alhaji ya ce, da abin da kike so ki ce. Ban ga inda wani ya tambayi Babanki yadda ya ji ba. Ya tsaya a kotun da ya yi wa bauta an ɗaga hotonsa. Ya ga yaron da ya koya wa aiki ya hau kujerarsa, kuma kullum Babanki ne zai shiga ya gaishe shi. Hukuma ta wanke shi a takarda, ya koma gidan da babu Innarku da zai faɗa wa. An ba wani kujerarsa tun kafin a gama jin ta bakinsa. Shi ma, 'yata, ba a yi masa i'izari ba.

Don haka in kin durƙusa a gabansa, kada ki fara da kare kanki. Ki ce kin yi kuskure da kika amsa abin da ba ki sani ba. Sannan ki roƙe shi ya gaya miki duk abin da ya same shi tun daga ranar hoton, ki ce kin zo ne ki ji. Ki yi shiru ki saurara har ya gama, ko da faɗa ne, ko da ya maimaita maganar kwantena. Kada ki katse shi. Ban yi miki alkawari ba, amma mutumin da ya kasa yi wa yaro bulala sai ya ji ta bakinsa, da wuya ya gama tasa maganar ya tashi bai tambayi taki ba.

In kuma ya ƙi ganinku a karon farko, kada ki yi zuciya ki hau jirgi. Ki sake komawa, ki kuma sake. Ranar bankwanan, in har bai janye maganarsa ba, ki bi umarninsa ki zauna a gida, ki dafa masa tuwon da ya saba ci, ki zuba a kwanon nan nasa, ki ba Yaya Hadi ya kai masa. Mutumin da ba ya cin abincin kowa, in ya buɗe kwanon ya ci, kin ji hukuncinki.

Allah ya huci zuciyarsa, ya ƙara masa lafiyar ido, ya sa ya sauka lafiya da mutuncinsa. Allah ya jiƙan Innarku, ya raya Muhsinat, ya kai ku gida lafiya.

Anti Sa'adiya